Rufin Motar Dogo

Ni ɗinkin labule da zannuwan gado nake yi. Mota kuwa ban san komai a kanta ba, in ban da in ɗaga hannu ta tsaya in shiga. Amma ni ce na taka da ƙafata na je na sayo 'yar motar nan ta 'yan gayu, ja, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a baya. Har yau in na wuce a layinmu sai an taɓa juna. Su yi ta taɓawa.

Ɗana ne sanadi. Dogo muke ce masa, don tun yana ƙarami ƙafafunsa suka riga sauran jikinsa girma. Shi ne babba, sai ƙanwarsa Auta, su biyu Allah ya bar min, mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Aikin wutar lantarki Dogo yake yi, kullum yana saman tsani. Bara yana dawowa daga wani aiki, bas ɗin da ya shiga ta faɗa rami ta kife. Rufin ya lotsa ya danne shi. Mutumin da ke zaune kusa da shi a kan kafaɗarsa ya cika, kuma haka suka zauna tare tun hantsi har rana ta yi sanyi kafin a samo abin yanka ƙarfe. Da aka zaro shi gwiwar dama ta dagargaje. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, aka cire ƙarfe. Alhamdu lillahi ba a yanke ƙafar ba. Sai dai ta miƙe sambal kamar sanda, ko kaɗan ba ta lanƙwasuwa.

Likitar gashin ƙashi wata 'yar gajeriya ce da ba ta ɓoye magana. Ta ce min irin wannan gwiwar lokaci gare ta. In ana kawo shi ana ɗora ƙafar a na'urarsu ana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, za ta saki. In aka bar ta a gida, naman ciki zai manne, ta daskare a haka har abada. Na ce mata ai kawo shi ba wuya, ga motocin haya nan birjik.

Ashe da wuya. Ranar da aka sallamo mu allurar barci ce ta kawo shi gida, bai ma san an sa shi a mota ba. Ran da za mu fara zuwa gashi na kira mai tasi har ƙofar gida. Muka shigar da Dogo kujerar baya a kaikaice, ƙafar a miƙe. Direba ya rufe ƙofa. Kafin ya zagaya ya shiga mazauninsa, Dogo ya jiƙe da gumi sharkaf, idonsa ya ƙafe a rufin motar, numfashinsa na fita da ƙyar. Sai ya hau dukan gilashi da gwiwar hannu. Auta na buɗewa ya sulalo ƙasa, ya ja jiki da hannu har bakin kwata ya yi ta amai. Na ce wa direban zazzaɓi ne, na ba shi kuɗin mai ya tafi.

Da muka koma ɗaki ya kama min wuyan hannu, riƙon da ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Mama, a ce min gurgu, na yarda. Amma kar ki bari a ce na taɓu. Ki yi min alƙawari."

Na ce masa in Allah ya yarda ba mai ji daga bakina. Daga ni sai Auta. Duk wanda ya tambaya a layi sai in ce zazzaɓi ne.

Ba abin da ban gwada ba. Babur, ƙafar ta fito waje kamar reshe, ko layi ba mu fita ba ta kusa dukan bango. Mai ƙafa uku, yana ganin ƙarafan da ke sama ya juya. Na samo a-kori-kura muka shimfiɗa katifa a baya muka kwantar da shi, sai ga matan layi sun fito suna salati, sun ɗauka ya rasu ne. Ya ce a sauke shi, ba za a zaga gari da shi kamar gawa ba. Na roƙi likitar a dinga yi masa allurar barci, ta ce mai barci ba ya gashi, sai yana ji yana faɗin inda ya tsaya. Na ɗauko wani mai gashi har gida, ya zo ya murza ya murza, ya ce min gaskiya, Mama, wannan sai na'ura. Addu'a kuwa, Allah shaida, ba sallar da zan idar ban kai goshina ƙasa a kan gwiwar nan ba.

Kwanaki na ta tafiya. Dogo ya koma zaman tsakar gida, daga safe har yamma yana kan tabarma yana kallon sama, ƙafar na gabansa kamar ba tasa ba. Abokan aikinsa suka rage zuwa. Wata rana na ga ya ba wa wani daga cikinsu jakar kayan aikinsa, wai ya riƙe masa. Na shiga ɗaki na kunna keke na yi ta ɗinka abin da ba kowa ya sa ni ba, don kar a ji kukana.

Sai likitar ta kira ni a waya. Ta ce mutane na jiran layi, ba za ta ci gaba da ajiye wa wanda ba ya zuwa gurbi ba. Litinin mai zuwa da safe, in ba ta gan shi ba za ta ba wani. Sannan ta ƙara da cewa ko ban da maganar gurbi, in aka wuce haka ba ta jin akwai sauran abin da za ta iya yi wa gwiwar.

Washegari na kai wa wata mata labulenta. A hanyar dawowa akwai wani fili da ake sayar da motoci na hannu, kullum nake wuce shi ban taɓa kallo ba. Ranar na kalla. Can ƙarshe, jikin katanga, ga wata 'yar mota ja ta yi ƙura, ba ta da rufi sam, mage na barci a kujerar direba. Na tsaya cak a titi har mai babur ya zage ni. Yaron nan rufi yake tsoro. To ga mota babu rufi.

Na koma gida na jira ya yi barcin bayan azahar. Na ɗauko sandar labule na auna ta daga ƙugunsa zuwa dunduniya, na yanke daidai. Na sa hijabina na koma da sandata.

Mai wurin wani ƙaton mutum ne mai tumbi, makullai sun cika masa ƙugu, yaransa na ce masa Oga. Ya tarbe ni da Hajiya sannu da zuwa, ya fara jan ni wajen manyan motoci, wannan za ta ɗauke ki da jikoki, wannan ba ta shan mai. Na wuce su duka na tsaya a gaban jar. Ya kalle ni, ya kalli sandar hannuna, ya kalli motar.

"Hajiya, amarci za a koma ne? Wannan ta samari ce masu son a kalle su."

"Ni ma kallon nake so. Buɗe min."

Yaransa suka kwashe da dariya. Ya kori magen, ya buɗe ƙofar mai zaman banza. Na ce ya tura kujerar can baya iya ƙarshenta. Na durƙusa na zura sandar tun daga jingina har can ƙarƙashi inda ƙafa ke zama. Ta shige tsaf, har da saura. Ashe irin waɗannan motocin, duk ƙanƙantarsu, wurin ƙafa gare su kamar kwale-kwale, mutum kusan a kwance yake zama. Na ce Alhamdu lillahi a fili. Dariyar ta tsaya, suka tsaya kallona.

Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai ɓoye min aibinta ba. Ya ce a ƙasa take, ba ta son rami. Ba wurin kaya, ko buhun gawayi ba za ta ɗauka ba. Ta daɗe a wurin, duk mai iyali da ya zo ko kallonta ba ya yi, samarin kuma sai su zo su ɗauki hoto su tafi. Babban aibin shi ne rufin. Ya nuna min shi a naɗe a bayan kujeru, yadin ya yage ya ruɓe, ƙarafan sun karye a gaɓa, in an ɗaga ba sa tsayawa. Ya ce ga damina ta kawo kai, duk wanda ke ciki zai sha ruwa.

Na ce masa ba komai, a haka ma ta yi.

Ya tambaye ni ko lafiya. Na ba shi labarin haɗarin da na ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, da likitar da ke jira ran Litinin. Iya nan na tsaya. Ya juya makullansa a hannu. Ya ce shi ma uwarsa ce ta yi wahalarsa ita kaɗai. Ya rage min kuɗin sosai ba tare da na roƙa ba. Ya ce in bar masa ita ya sa batir, a duba birki, a gama takardu, shi da kansa zai kawo min har ƙofar gida.

Filin da mahaifinsu ya bar mana na sayar, a gaggauce, a wulaƙance. Baffansu ya zo har gida ya ce na haukace, gadon marayu na kai na sayo abin wasan yara. Na ce masa marayan ne zai hau. Ya ce me ya hana tasi. Na ce ƙafar. Ya ce ai ana kwantar da mutum a kujerar baya. Na tashi na ɗora ruwa a wuta na bar shi yana ta faɗa da labule.

Auta ce za ta tuƙa, ita motar gidan burodi take ja tana rabo shago-shago. Ta je ta zaga da jar a cikin filin, ta dawo tana cewa Mama, wannan in kin taɓa ta kaɗan sai ta zabura kamar an mintsine ta. Ta ɗauko hotonta a waya. Da yamma muka zauna kusa da Dogo ta miƙa masa. Ya kalla ya yi dariya, dariyar da na manta kalarta. Ya ce wannan ai baho ne aka sa wa taya. Sai ya ƙara kallo, ya buɗa hoton da yatsa, ya daɗe.

"Ba rufi?"

"Babu," in ji Auta.

"Ko ƙarfe ɗaya?"

"Daga kai sai sama, Yaya."

Ya miƙa mata wayar. Can ya ce zai gwada.

Asabar Oga ya ce sai Lahadi. Lahadi ya ce akwai ɗan aikin da bai ƙarasa ba, amma in kwantar da hankalina, Litinin da sassafe tana ƙofar gidana. Na tambaye shi wane aiki, ya yi dariya ya ce zan gani.

Litinin Dogo ya riga ni shiri. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, Auta ta farke masa gefen wando don ƙafar. Ko shayi bai iya sha ba. Ya dogara sandunansa ya zo ya tsaya daga cikin ƙofa. Ni ina waje ina leƙen bakin layi, ina ta hailala a zuci.

Sai ga ƙarar motar. Ta shigo layin a hankali tana kauce wa ramuka, an wanke ta tana ƙyalli, maƙwabta na fitowa. Na ga ja. Sai na ga baƙi a samanta. Na ɗauka idona ne.

Rufi ne. Sabon rufi, baƙi, a ɗame, ya rufe ta ruf.

Oga ya fito da ƙyar yana haki, fuskarsa fal murna. Ya bubbuga rufin da tafin hannu. Ya ce bai iya barci ba yana tunanin marar lafiya a cikin ruwa da rana. Ya sa mai ɗinkin kujeru ya ɗinka sabon tamfol, ƙarafan kuma tunda ba sa tsayawa ya sa aka ɗaga su aka yi musu walda gaba ɗaya, yanzu ko guguwa ba ta ɗaga shi. Ya ce ko sisi kar in ba shi, sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin mahaifiyarsa.

Mutane suka hau sa masa albarka. Ni na juya. Dogo na bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat. Na ji ƙarar sandunansa suna komawa ciki, ƙwas, ƙwas.

Na tambayi Oga ta ina ake buɗe shi. Ya ce ai ba ya buɗuwa, abin da ya faɗa min ke nan.

Ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗauko babban almakashina ba. Na fito na caka shi a tsakiyar tamfol ɗin na ja. Yadi ne mai tauri amma hannuna ya saba. Oga ya yi ihu. Matar maƙwabcinmu ta riƙe min hijabi, na fizge. Na yanke gaba, na yanke gefe da gefe, na finciko shi na yar a ƙasa. Sai ga ƙarafan sun fito tsirara, baƙaƙe, sun gitta saman kujerun kamar haƙarƙari. Auta ta ruga ciki ta dawo, ta girgiza min kai. Ta ce ya leƙo ta taga ya gani. Ya ce ƙarafan nan su ne irin waɗanda suka danne shi a bas.

Akwai mai walda a bakin layinmu. Na ce wa Auta ta je ta taho da shi da injin yankansa, ko me yake yi ya bari. Ya zo yana jan waya, tabarau a goshi. Ya duba ƙarafan ya ce wannan sabon aiki ne mai kyau, wa zai ce a yanke. Na ce ni, motata ce. Oga ya shiga tsakaninsa da motar ya ware hannuwa. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko fushi ne ko kuka. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, mutum ya yi maka alheri ka sa masa almakashi a gaban jama'a. Ya ce takardu na hannunsa har yanzu, ba zai tsaya a lalata mota a gabansa ba, in ba na so ya mayar min da kuɗina ya ja abarsa.

Baffansu ya iso a daidai lokacin, ban san wa ya kira shi ba. Ya ce ai ya faɗa, matar nan ba ƙalau take ba, a karɓe almakashin. Mata biyu suka riƙe ni ta kowane gefe suna Inna ki yi haƙuri, Inna ki ambaci Allah. Wata ta ce a kawo ruwa a tofa. Mai walda ya fara naɗe wayarsa.

Na ɗaga kai na ga rana ta hau. Likitar nan masu zuwa da wuri take gani, in ta tashi ta tashi. Na kalli tagar ɗakin Dogo, a buɗe take, labulen da na ɗinka yana motsi. Na san yana bayansa. Na san duk abin da zan faɗa zai shiga kunnensa. Na nemi wata ƙarya da za ta sa a yanke ƙarfen nan ban samu ba. In na ce ƙafar ce, kowa na gani ƙofa ta ishe ta. Na ce a raina, ya Allah, alƙawari na ɗauka da sunanka, ga shi zan karya, ka kama ni ni kaɗai.

Na ce su sake ni. Suka sake ni.

"Ku saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Ɗana ba ya iya shiga mota mai rufi. Wuni guda ya yi a ƙarƙashin rufin bas da gawa a kafaɗarsa. In aka rufe shi a mota numfashinsa ɗaukewa yake. Shi ya sa bai je gashi ba, ba zazzaɓi ba ne, ƙarya na yi muku. Don ba ta da rufi na saye ta. In bai je yau ba ƙafar ta tafi."

Wata daga baya ta ce Allah sarki, irin faɗin da Dogo ya fi tsana a duniya.

Oga ya sauke hannuwansa. Ya ce a hankali, "Hajiya, da kin faɗa min."

"Ba maganata ba ce da zan faɗa."

Oga ya zare agogonsa ya sa a aljihu. Ya ce wa mai walda ya jona wayar. Aka ja ta zuwa shagon mai kanti, aka tayar da janareto. Mai walda ya ce a rufe kujeru kar tartsatsi ya ƙona su, na kwaso zannuwan gadon mutane da na gama ɗinka, na jiƙa su a bokiti na shimfiɗa. Oga da kansa ya riƙe ƙarafan da tsumma ana yanka, yana cewa yi nan, yi nan, ni na san inda aka haɗa. Wuta na tashi, tartsatsi na huda zannuwan, ƙara ta cika layi. Ƙarfe na farko ya faɗi, na biyu ya faɗi. Na ƙarshen ya yi gardama, sai da suka murɗa shi su biyu. Guntayen da suka rage a jiki suna da kaifi da zafi, na yayyanka tamfol ɗin da na yar na naɗe su na ɗaure.

Motar ta koma yadda na gan ta ranar farko, har ta fi muni.

Na shiga gida. Yana zaune a bakin gado, sandunan a ƙasa, ya cire farar rigar. Bai ɗago ba.

"Kin gama tallana?"

"Na gama."

"Kin ce ba mai ji daga bakinki."

"Na ce. Na karya. Sa rigarka."

"Yanzu da wane ido zan fita?"

"Da wanda ka shigo da shi. Ka tsane ni a mota, ka tsane ni a asibiti, in ka dawo ka ci gaba. Amma ka tashi."

Na ɗauki rigar na miƙa masa. Ya bar ni da hannu a miƙe. Wallahi na ɗauka shi ke nan, na yi asarar ƙafar na yi asarar ɗan. Ina jin Auta a waje tana roƙon mutane su koma gidajensu, ba wanda ya motsa. Sai ya fizge rigar. Na sunkuya zan ɗauko masa sanduna ya ce in bari, ya jawo su da kansa.

Ya fito, layi ya dare. Bai kalli kowa ba. Ya tsaya a gefen motar ya ɗaga kai ya kalli sama, ya sa hannu ya shafa iskar da ke saman kujerar, kamar bai yarda da idonsa ba. Oga da mai walda suka kama shi ta hammata, Auta ta tallafi ƙafar, suka zura shi. Ƙafar ta shige. Gumi ya fara tsattsafo masa. Oga ya kama ƙofar zai rufe, Dogo ya ce kar ya taɓa.

Muka tsaya. Auta ta shiga ta tayar da mota ta riƙe sitiyari, ba ta kalle shi ba. Ƙirjinsa na hawa yana sauka. Ya riƙe bakin gilashin gaba da hannu ɗaya har jijiyoyinsa suka fito. Ni dai ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya sake ɗaga kai sama, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannu ya jawo ƙofar da kansa, ta rufe.

Ya ce, "Auta, ja. Kar ki tsaya."

Na matso. Kujera biyu ce, na sani tun ranar da na saya, amma ƙafata ce ta kawo ni. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, ba sai na zo ba. Motar ta zabura ta fita layin, kansa ya zarce gilashin gaba, kowa na ganinsa.

Na tari babur. Ban ma tsaya rufe gida ba, na bar Oga tsaye da guntayen ƙarfensa a hannu. Na ce wa mai babur ya bi jar motar can amma kar ya matsa kusa. A kowace mahaɗa ina jiran in ga ƙofar ta buɗe. Wajen wata danja suka tsaya, wata babbar mota ta tsaya a gefensu ta yi musu inuwa, na ga ya dafe ƙofar ya yunƙura. Auta ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Danja ta ba da hannu, suka wuce.

Da na isa har an shigar da shi. Likitar ta riga ta rataya jakarta za ta fita, Auta ce ta tare ta a ƙofa. Na zauna a benci a waje, don ya ce kar a bar ni in shiga. Ta cikin ƙofar ina jin ƙugin na'urar, ina jin likitar tana cewa saura kaɗan, ƙara haƙuri. Sai na ji ihunsa. Namiji babba yana ihu kamar ana zare masa rai. Matar da ke kusa da ni ta toshe kunne. Ni ban toshe ba.

Da aka jima likitar ta fito tana goge hannu. Ta ce mun makara ƙwarai, ba za ta yi min alƙawarin zai sake hawa tsani ba. Sai ta miƙe yatsanta ɗaya, ta ɗan lanƙwasa kansa kaɗan, ta nuna min. Ta ce iya abin da ta samu yau ke nan, amma ta motsa. A kawo shi jibi, da gata, kar a sake fashi.

Aka turo shi a keken marasa lafiya, idonsa jawur, rigar ta jiƙe. Na miƙe. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ce wa Auta ta je ta kawo motar bakin ƙofa. Na bi su a baya da sandunansa a hannu, don ba wanda ya tuna da su. Da aka zaunar da shi na jingina su a gefen ƙafarsa. Ya gyara musu zama, ya jawo ƙofarsa.

Na tsaya har suka fita daga get. Sannan na je neman babur, ina lissafin yadda zan gaya wa masu zannuwan gado cewa kayansu sun ƙone.